Wasiƙa Daga Sakkwato: Yadda Babbar Sallah Ta Wuce, da Shirin Zuwanka Baɗi

Sakkwato,
Lahadi, 26 ga Zulhajji 1446 (22 ga Yuni 2025)

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Barkanmu da Sallah, ko da ta yi nisa. Nan kowa lafiya lau, tsofaffi suna gaishe ka, kuma ba gidan da aka shiga ba a ce "yaushe mutumin Ingila zai zaka?" ba.

Saƙonka ya iso. Ka tambayi yadda yawon Sallah ya kasance, da wasanni, da walimar ofis, tunda kana da niyyar kawo iyali baɗi. Na ƙi amsa maka da murya a WhatsApp don kada maganar ta nutse cikin saƙonni, gara rubutu ka ajiye. Shekarun da ka yi ba ka nan sun isa su mantar da kai abu biyu: Sallar garin nan rana ce ke tsara ta, wato zafi, sai kuma girman mutane, wa ke gaba wa ke baya. Wanda ya kuskure ɗaya daga cikin biyun nan, ko ya kwanta ciwo ko ya kwana biyu yana ba da haƙuri.

Bana an yi Idi ranar Juma'a 6 ga Yuni, gwamnati ta ba da hutun Juma'ar da Litinin. Ta baɗi za ta matso da kwana goma ko sha ɗaya, ta faɗo wajen ƙarshen Mayun 2026 in Allah ya kai mu, daidai hutun mako gudan da ka ce yara suna samu. Sai dai ka san Mayun Sakkwato, zafi kan haura digiri 40, ga iskar farkon damina mai ɗauke da ƙura.

Bari in fara da rago, don shi ke riƙe da kwana biyun farko. Bana ya yi tsada ƙwarai, kuma babban dalili shi ne gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi tun cikin watan Mayu, sai kasuwar Illela, wadda yawancin manyan ragunanmu ke biyowa ta cikinta, ta ji a jikinta, Kara ta nan cikin gari ma haka. Masu dabara sun sayi nasu tun bayan Ƙaramar Sallah suka bar shi a ƙauye ana kiwo. In za ka saya da kanka, buɗe bakinsa: wanda ya fidda manyan haƙora biyu na gaba ya haura shekara, babu shakka a kansa. Ka sa a ja shi ya yi tafiya ka ga ko yana ɗingishi, ka duba ido da hanci. Kada cikinsa ya ruɗe ka, ana ɗura masu ruwan dusa da gishiri su kumbura. Gadon baya za ka dafa, da gindin wutsiya, nan ƙiba ta gaskiya take. Balami ya fi cika ido, Uda mai rabi fari rabi baƙi ko ja shi ne namu na gida, ɗan ƙasa kuma ya fi sauƙin kuɗi. Idan an kawo shi gida a hana yara yi masa gata. Duk shekara sai an ji gidan da rago ya mutu ana gobe Sallah, saboda an cika shi da dawa ko sauran tuwo da bai saba da su ba, cikin ya kumbura ya toshe. Harawa da ɓawon wake da ɗan dusa sun ishe shi, daren Sallah kuma ruwa kawai, fiɗa ta fi tsabta.

A Fakon Idi, ku fita da wuri kuma ku bar mota nesa, ku taka. Wanda ya kutsa da mota kusa shi ke fita ƙarshe. Kada a yi gaggawar yanka kafin liman ya yanka nasa, ka san hukuncin. Mahauci kuwa a yi ciniki da shi tun jajibere, a biya shi kuɗi, ba da nama ko fata ba. Fatar in ba a zo karɓa da wuri ba a shafe cikinta da gishiri a ajiye a inuwa, in ba haka ba kafin la'asar gashi ya fara zuba, ba ta da sauran amfani ga masallacin da za a ba.

Sai tareni. Wannan nake so yaranka su gani da idonsu, don ba a yin sa a Kano ko Kaduna yadda muke yi. Bana ma duk lungun da ka leƙa da rana, raguna ne jere sun kewaye wuta kamar masu jin ɗumi. Ana tsaga ragon ta ƙirji a baje shi, a soke shi da ɗanyun sanduna biyu a gicciye, daga ƙafar gaba zuwa ta baya, a kafa a ƙasa ya ɗan karkata wajen wuta. Sandunan dole su zama ɗanyu, busasshe yana cin wuta ya karye, rago ya kifa cikin toka. Itacen hurawa kuma akasin haka, busasshe mai nauyi irin ƙirya ko marke, wanda zai yi garwashi ya daɗe. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi ya baƙanta nama, katakon da aka yi wa fenti ko guntun taya kuwa guba ne. Tazarar taku ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin nama da wuta. Maƙwabta kan haɗa raguna huɗu zuwa takwas a wuta ɗaya, itace ya fi auki. A fara fuskantar da cikin ragon ga wuta, sai ya tsane ya yi ja sannan a juya bayan. Aikin awa shida ne zuwa takwas, ba a yi masa gaggawa.

Inda ake samun matsala wuri biyu ne. Na farko cinya da kafaɗa: in ba a tsattsaga su da wuƙa har kusa da ƙashi an cusa gishiri ba, waje zai gasu, ciki yana ɗanye, da safe a yanka a ji wari daga jikin ƙashi. Na biyu iska. Da hadari ya taso harshen wuta sai ya kwanta gefe guda, rago ɗaya ya ƙone, na bayansa bai ji komai ba. A tanadi fallen kwano biyu ko uku na kare iska, da rumfar da za a ruga da naman in ruwa ya sauko. A sa ƙaramin kwano ƙarƙashin kowane rago ya tari kitsen da ke ɗiga, mata suna son sa wajen suya. Ranar dai kayan ciki ake ci, hanta da tumbu da ƙoda, don su ne ba su jira. Washegari a sauke, a yanka, a yi rabo. Abin da ya rage a soya har sai mai ya daina kumfa, alamar ruwa ya ƙare ke nan, kuma a bar shi ya huce sarai kafin a rufe. Wanda ya zuba da zafi cikin bokitin roba ya rufe, gumi zai sauka, kwana uku ya yi fumfuna. Wutsiya a ajiye ta sai cika-ciki, kamar yadda aka saba.

To yawon Sallah. Ranar farko kada ka sa wa kanka komai bayan mahaifa da wanda ke matsayinsu, aiki ya yi yawa kuma kowa na bakin wuta. Rana ta biyu ita ce ta rabon nama da surukai, kuma cinya ake kai musu, ba haƙarƙari ba, kai da kanka ba aike ba. Daga nan sai bappanni da gwaggonni, sannan kawunnai da innoni, babba kafin ƙarami. Wannan jerin ba wasa ba ne. Waya ta sa labari yana riga ka isa: kana fita gidan ƙaramar gwaggo babbar ta ji, kuma za ta ajiye maka ita har wata Sallar. Idan hanya ta tilasta ka fara da ƙarami, kira babban tun da safe ka ce kana tafe bayan la'asar. Gidajen da aka yi rasuwa tun tafiyarka kuwa suna gaban kowa bayan mahaifa, ko da ka yi ta'aziyya ta waya. Zan rubuta maka su, sun yi yawa, Allah ya jiƙansu. Kada ka manta malaminku na allo.

Lokacin fita biyu ne kawai: daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa sha ɗaya na safe, sai bayan la'asar zuwa magariba. Tsakanin nan kowa ya nemi inuwa, mutanen gidan da za ka ma barci suke. Minti ashirin ya isa a kowane gida, ka ga gida shida ko bakwai ke nan a fita ɗaya, in ka haɗa su unguwa-unguwa. Cikin gari, su Kanwuri da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke, ka ba su safiya guda, ka ajiye mota a bakin titi ku shiga da ƙafa, ko Keke Napep, don lungunan ba su faɗaɗa ba tun da ka bar su, ga ramukan tareni da toka. In kun zo nan ka ratsa da yara Hubbaren Shehu, su san inda suka fito. Mabera da Minanata fita guda, Arkilla da Gawon Nama da Bado wata, Runjin Sambo da Gidan Igwai wata. Na ƙauye, irin Bodinga ko Kware ko Wamakko, sai rana ta uku ko ta huɗu, a tafi da sassafe a dawo tun da sauran rana. Gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, ba na ba ka shawarar ka ɗauki yara ka nufa yadda tsaro yake yanzu. 'Yan uwan can sun sani, ba za su riƙe ka ba. A aika musu, ko a haɗu da su nan cikin gari.

Ci shi ne jarrabawar. Kowane gida za a ajiye maka nama da masa da hura, wani wurin har da hoce, kuma ƙin taɓawa raini ne. Ka ci tsoka ɗaya, ka kurɓi hura, ka yaba, sauran ka ce a ƙunsa wa yara, babu tsohuwar da za ta ji haushin wannan. Yaranka ne abin ji, cikinsu bai san ruwanmu ba. Ruwan gora kawai, kuma ban da ƙanƙarar da ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba, ita ke kayar da baƙi fiye da nama. Ku riƙe ƙullin ORS, gishiri da sukarin nan na mai gudawa, a mota. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ku karɓo tun can wajen likitanku, ana fara shan sa kafin a taso, gidan sauro kuma mu za mu tanada.

Ka fara koya musu gaisuwa tun yanzu. Cire takalmi a bakin ɗaki, durƙusawa, karɓa da hannun dama, kada su riga babba miƙa hannu, kada su kira shi da sunansa. In sun iya "ina kwana" da "lahiya lau" da "mun gode", tsofaffi za su yafe sauran, har su yi ta ba da labari. Namijin ya kai shekarun da zai tsaya a zaure sai an yi masa iso, ka gaya masa ba kora ba ce.

Goron Sallah: ka nemi 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar mako guda kafin Sallah. Jajibere layin banki ba ya motsi, masu POS sun ƙara caji, taransifa kuma sai ta maƙale kuɗi ya fita bai isa ba. Na manya a sa a ambulan, a miƙa lokacin sallama, a ɓoye. Ka lissafa yara ka ninka biyu, don da an ga baƙon mota na maƙwabta ma sun shigo layi. Ɗinki kuma a kai wa tela kafin Zulhajji ya kama, in ba haka ba za a je Idi da tsohuwar riga. Turo awon kowa tun Ramadan.

Maganar wasanni. Wanda ya fi kowanne a wurina kyauta ne: ku tsaya kusa da fada lokacin da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ke dawowa daga Idi, ku ji kakaki da tambari da algaita, ku ga dawaki, a saurari jawabin Sallah. Ka ɗora ƙaramar a kafaɗa, ku tsaya nesa da ƙafar doki. Da yamma akwai kokawa da dambe, ana farawa bayan la'asar a tashi da magariba, kuma kiɗansu na gaske ne, fata da hannu, mawaƙi yana zuga ɗan wasa har ka ga tsikar jikinsa ta tashi.

Sai gala, wadda ake yi a ɗakunan taro da otal-otal, ana ɗauko mawaƙan zamani daga Kano ko Kaduna. Bana ma an yi su, kuma ciwonsu bai canza ba. Takarda ta ce ƙarfe huɗu, babban mawaƙi ba ya hawa sai bayan isha'i, kafin nan yara sun gaji sun fara kuka. In ya hau, sau da yawa waƙar a na'ura ake saki yana bin ta da baki, baiti biyu ya tsaya ya fara kiran sunayen masu kuɗi. Janareta ɗaya aka ɗora wa lasifika da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, da ya yi nauyi sai a kashe sanyin, ɗaki ya koma tanda. Ana sayar da tikiti fiye da kujeru, kuma a kulle ƙofofi a bar ɗaya don kada a shiga ba biya, wanda shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. In ka ga dole sai kun je, ka zaɓi ta rana wadda aka shirya don iyali, ku zauna kusa da ƙofa nesa da lasifika, waya a aljihun gaba, mota ta fuskanci hanyar fita, ku tashi kafin waƙar ƙarshe. Na fili kuma ka riƙa kallon gabas, hadari na haɗuwa ku kama hanya, rumfunan haya ba su jure iska. Liƙi kada ka yi: dokar Babban Banki ta 2007 ta sa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu a kan watsa naira da taka ta, kuma tun bara EFCC take kama mutane a kai, ga kowa da kyamara a hannu. Ka miƙa a hannu ko a ambulan. Ni dai da za ka bi tawa, kuɗin tikitin nan a kira masu kotso ko kalangu ƙofar gida da yamma, awa guda, a shimfiɗa tabarmi, tsofaffi ma su ji.

Walimar ofis, tunda ka ce kana son ka haɗa wa tsofaffin abokan aikinka ɗaya. Bana an koma aiki Talata 10 ga wata, Alhamis 12 kuma hutun ranar dimokuraɗiyya, sai makon ya tafi a gutsure, yawancin ofisoshi suka ɗaga zuwa na gaba. Wanda ya yi kyau da wanda ya watse, bambancinsu ƙananan abubuwa ne. Karo-karo a tara shi kafin Sallah, ranar da albashi ya shiga, don bayan rago babu mai ko sisi. A yanka shi bisa matakin albashi, masinja da mai shara da mai gadi da direba kada a karɓi nasu. Kwamiti mutum uku ya isa, ɗaya ya riƙe kuɗi ya rubuta. Rana kuwa Talata ko Laraba: Litinin da Alhamis akwai masu azumi, Juma'a kowa ya watse daga masallaci. A fara bayan azahar a gama kafin la'asar.

Kada a yi naman rago, kowa ya ƙoshi da shi har wuya. Kaza ko kifi, da dafa-duka, ko masa da miyar taushe, ko dambu da zogale wanda a wannan makon ya fi komai karɓuwa. In ma'aikata sittin ne a dafa na saba'in da biyar, saboda 'yan bautar ƙasa da na ofishin maƙwabta da wanda ya zo karɓar fayil ya tarar da rabonsa. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ciyar da mutum shida zuwa bakwai, ka ga kilo 12 ke nan. Kaza goma, kowace a yanka takwas. Ruwan leda ƙunshi 12, tunda ashirin ne a ƙunshi kuma a zafin nan kowa zai sha uku. Soborodo da kunun aya a kawo su cikin kula da ƙanƙara, kunun aya ba ya awa uku a waje bai yi tsami ba. Haɗin kabeji mai mayonis a bar shi gaba ɗaya, shi ke tura mutane asibiti.

A ba mai abinci kwangila a biya ta. Ɗabi'ar nan ta ɗora wa matan ofis girki, su biya karo-karo kuma su kwana a murhu, ba adalci ba ce. A zuba komai a robobi tun daga gidanta, ɗaya-ɗaya, maimakon a jera manyan kuloli kowa ya ɗiba, don a nan ne na gaba ke kwashe nama na baya ya sami gaya. A ware na masu gadi da direbobi da wanda ke bakin aiki tun kafin a buɗe taro. A gayyaci abokan aiki Kirista da baki, ba a allon sanarwa kawai ba. Abin da ke kashe walima shi ne jawabi: shugaba ya makara awa guda, a jira shi, ya zo ya yi minti arba'in, mataimakinsa ya ce ba shi da abin ƙarawa sannan ya ƙara na ashirin, shinkafa ta sandare. Addu'ar buɗewa, jawabi ɗaya na minti biyar, a ci, sauran maganar a yi ta da cokali a hannu. Washegari ma'aji ya sa lissafi a zauren WhatsApp na ofis har da canjin da ya rage, ko naira ɗari biyar ce. Taka tunda kai kaɗai za ka ɗauki nauyi, ka sanar da shugaban wurin mako biyu kafin ranar, kada ya ji a bakin wani.

Yanzu haka alhazai sun fara sauka, an shiga zagaye na biyu na gaisuwa, dabino da zamzam a kowane zaure. Wannan ba zai same ku ba in hutun mako guda ne. Jirgin Abuja zuwa Sakkwato ka kama kujeru da wuri, makon Sallah cika yake, kuma ka bar kwana guda tsakaninsa da na Ingila saboda ɗage tashi. Ka gaya mini kafin azumi ko rago ɗaya ne ko biyu, a saya ƙarami a kai ƙauye, da kuma ko a gidan Bappa za ku sauka, don a duba wayar wutar ɗakin baƙi a sa batirin sola, fanka ta kwana tana juyawa.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Kilishin da ka roƙa ba a barin shiga da nama ƙasarku, sai ka zo ka ci a nan.

Wassalam,
Naka amini.